Maganin Daktora

Talata, bayan la'asar

Idon Baba ya yi rawaya. Na gani da safe lokacin da ya ɗaga kai yana kurɓar gahawar jabana a inuwar rakuba, rumfar tsakar gidanmu, na sake gani da azahar. Inna ta ce hasken rana ne. To, ranar Gadarif ba yau ta fara ba, kuma ban taɓa ganin ta rina wa mutum ido ba.

Baba ya daɗe da ciwon hanta, amma ƙwaya ɗaya kowace safiya ta riƙe shi, har yana zuwa gonar riɗinsa a Simsim ya dawo yana mitar direban tarakta. Tun da yaƙi ya koro ni daga Hartum, ni nake zuwa karɓo ƙwayar, Inna ke ba shi. Na tambaye ta ko yana sha. Ta ce, "Ke dai da tambaya." Ba ta ɗago daga kan kisra, wainar dawar da take gasawa, ba.

A layin burodi kuma wata mata mai koren tob, mayafin da matan nan ke naɗawa, ta kama hannuna, ta ce sunanta Asiya. "Ke ce Daktora Atika, 'yar Alhaji Abdulganiyyu? Allah ya biya ki, ya bitti, 'yata. Man nan naki, maigidana kullum sai ya sha cokali." Na ce ina jin ba ni take nufi ba. Ta yi dariya ta ce kunya ce irin ta 'ya'yan manya, layi ya motsa, ta wuce da burodinta.

Ni ba likita ba ce. Hotona aka gani da farar riga a ɗakin gwaji, unguwa ta naɗa ni Daktora ba wanda ya tambaye ni. Amma wane mai take nufi?

Laraba, hantsi

Na buɗe akwatin ƙarfe.

Bari in rubuta abin da ke cikinsa, ko na ji kamar na gaya wa wani. Aikina a jami'a ciyawar teku ce, wata mai launin ƙasa-ƙasa da muke tsintowa a gaɓar Bur Sudan. A wanke, a shanya a inuwa, a niƙa, a jiƙa, a tace, a busar da ruwan har ya koma gari. Garin nan nake ba ɓeraye na ɗan lokaci, sannan in ba su gubar da ke cin hanta, in duba. Waɗanda suka riga suka sha garin, hantarsu ba ta lalace kamar ta sauran ba. Iyakar abin da na gano ke nan. Kariya ce kafin ɓarna, kuma a jikin ɓera. Ban taɓa sa wa ɗan Adam ko ƙwayarsa a baki ba.

Ranar da muka gudu, mutane na ɗaure zinariya da takardun gida, ni kwalaben garin nan na naɗe da tsumma na rungumo har Gadarif. Ɗakin gwajin ya tafi, ɓerayen sun tafi, malamina ban ma san ƙasar da yake ba. Su kaɗai suka rage mini.

Da na iso, Baba ya roƙe ni in ɗiba masa. Na ce, "Baba, ɓera ne, ba a gwada wa mutum ba." Ya yi dariya ya ce, "Wato ni ban kai ɓera ba, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Muka yi dariya tare, na ɗauka magana ta mutu a nan.

Kwalaben suna nan a jere yadda na bar su, murafensu a ɗaure. Ba komai a ciki. An ma wanke su tas, wanda ya kwashe mai tsafta ne.

Mutum biyu suka san inda makullin yake kwana. Ni ce ɗaya.

Laraba, bayan magariba

Ban ci tuwo ba. An tambaye ni ko kaina ke ciwo, na ce e.

Alhamis, bayan azahar

Na je asara wurin Yaya Uzairu, inda yake matse man riɗi a bayan kasuwa. Raƙumin da ke juya turmin matsar na ta zagaye da ido a ɗaure, shi kuma yana zaune a kan buhu yana ba mutane labari, sana'arsa ta gaskiya ke nan.

"Daktora da kanta a asara! Marhab, marhab. Yau wace rana?"

Na ja shi gefe na ce, "Ina garina?"

Ya fara da "wane gari", sai ya ga fuskata ya bari. "Ke fa kin cika zafi. Kin rufe magani a akwati kamar kayan lefe, uban da ya haife ki na fama da hanta. Shi ne na zuba a man riɗi, Baba na shan cokali da safe. Sauran na ɗura a 'yan kwalabe ina rabawa bayan Juma'a, karama, sadaka don Allah ya ba shi lafiya. Ba sayarwa nake ba, wallahi."

"Da sunan wa kake rabawa?"

"Da naki mana. Wa zai sha maganin mai raƙumi?"

Na ce masa ɓera ne, Yaya, ɓera na gwada. Ya ce hanta ai hanta ce. Na ce ba magani ba ne, kariya ce. Ya ce to ai kariyar ake nema. Ko a jikinsa. Har yana ba ni labarin yadda liman ya sa masa albarka a gaban jama'a, yadda mutane ke binsa har ƙofar asara. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun yankan riɗi.

Sai da na hau raksha mai ƙafa uku zuwa gida na yi lissafi. An yanke riɗi tuni, har an girbe dawa an kawo kasuwa. Garina duka bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Ko Baba kaɗai ke sha da tuni ya ƙare, balle a ce ana raba wa masallaci guda.

Juma'a, hantsi

Ina neman citta a ɗakin girki na ɗauko gwangwanin da Inna ke ajiye finjalan baƙi. Ƙwayoyin Baba ne a ciki, fakiti a kan fakiti, ko ɓare su ba a yi ba. Duk waɗanda na yi ta tsayuwa a rana ina karɓowa.

Na kai mata gwangwanin na ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta ci gaba da tsince wake.

"Ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, kowa ya san wannan. Faɗa suke yi."

"Inna, wa ya ce miki a daina?"

"Na 'yarsa ya fi na bare. Shi ma haka ya ce."

"Me ya hana ki tambaye ni? Ga ni a gidan, tare muke kwana, tare muke tashi."

"Da na tambaye ki ai hanawa za ki yi." Ta faɗe shi a sauƙaƙe, kamar tana gaya mini gishiri ya ƙare.

Wato kowa a gidan nan ya san abin da zan ce, shi ya sa aka bi ta bayana. Kullum da safe ina fita ɗebo ruwa, ana ba shi cokalin. Ina dawowa, an wanke cokali an kife. Ni ce mai maganin, ni ce kuma wadda ake gadin kada ta gani. Raina bai taɓa ɓaci irin na yau ba, kuma ban san inda zan kai shi ba, don uwa ce.

Na ɓare ƙwaya na kai wa Baba da kaina. Ya karɓa ya haɗiye yana kallon katanga.

Asabar, bayan la'asar

Na kai shi asibiti. Ba wurin sa ƙafa, mutanen da yaƙi ya koro sun cika har barandar waje. Dakta Mutaz, wanda ke duba shi tun da can, ya danna cikinsa, ya leƙa idonsa, ya sa aka ɗibi jini. Da sakamakon ya fito ya daɗe yana kallon takardar.

Ya ce wanda ya yanke wannan ƙwayar farat ɗaya, ciwon kan taso masa da ƙarfin da ya fi na da. Sannan ya tambaya, "Ya Haj, akwai wani abin da kake sha ban da namu?"

Baba ya gyara zama, duk da cikin da ya kumbura, ya nuna ni da hannu. "Na 'yata ne. Ita ta haɗa da kanta, daga teku."

Da alfahari ya faɗa. Dakta Mutaz ya juyo ya dube ni, kallon da ba zan manta ba. Ya san ni, ya san abin da na karanta. Sai a waje na same shi na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ya ce, "Tamam, ya ustaza," ya wuce wurin wani majinyaci. Ban ga alamar ya yarda ba.

Sun ba shi gado.

Lahadi, bayan azahar

Na sa Inna ta fito da kwalbar. A bayan randa take ɓoye.

Garina launin ƙasa ne, in an zuba a mai zai yi kamar shayi. Wannan kore ne, kore mai duhu, da wani laka-laka kwance a gindi. Na shinshina. Ba gishiri, ba ƙarnin teku, sai warin taɓo.

Na koma asara da kwalbar a hannu. Yaya bai nan, an ce ya je salla. Na zagaya baya, sai ga buhuna a shimfiɗe a rana, an baza wani koren abu a kai ya bushe ya yi ɓawo, ƙudaje na bi. Ina tsaye a kai ya iso.

"Daga ina?"

Ya sosa ƙeya. "Naki ya ƙare, mutane kuma na ta tambaya. In ce musu me? Ga shi nan fal a hafirin Simsim, ya rufe ruwan, ba mai so. Ciyawar ruwa ce dai, ke kin ɗebo a can, ni na ɗebo a nan."

Hafirin Simsim. Tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, wanda yanzu ya janye ya yi zafi, shanu na shiga suna fitsari a ciki. Yaya bai taɓa ganin teku ba, iyakarsa Ƙala'at an-Nahal. A wurinsa duk koren da ya fito daga ruwa ɗan uwan juna ne.

Na ce masa wannan gansakuka ce, kuma akwai irinta da ke fitar da guba, gubar da hanta take fara kamawa. Na ce a ɗakin gwaji irin wannan ake ba ɓera in ana so a lalata masa hanta. Ba ni da na'urar da zan gwada in rantse, amma na san wannan koren. Ya yi tsamo-tsamo, ya zauna a kan buhu.

"Ka bi duk wanda ka ba ka karɓo. Yau, ba gobe ba. Kai ka san su, ni ban san ko ɗaya ba, a cikin maza ka raba."

"Zan karɓo. Amma a hankali, Atika, don Allah. Kada ki tona ni."

Yau ne karo na farko da ya kira ni da sunana tun da na dawo.

Litinin, bayan la'asar

Na kai wa Dakta Mutaz kwalbar. Ya shinshina ya kau da kai. Ya ce tsakanin yanke ƙwaya da wannan, ba zai iya ce mini wanne ya fi ɓarna ba, kuma yanzu sanin ba zai canja komai ba. Na tambaye shi ko hantar za ta farfaɗo. Ya ce mu yi addu'a.

Na tsaya a layin burodi har aka rufe ko zan ga mai koren tob. Ba ta zo ba.

Laraba, hantsi

Wancan ya ce ya karɓe duka. "Kalas, na bi gida gida, na zubar a masai." Ya rantse. Ba zan ƙara rubuta masa Yaya ba, hannuna ya ƙi.

Alhamis

Cikin ya ƙara girma. Ƙafafu ma.

Asabar, bayan azahar

Inna ta zo asibiti da kunun gero, ya kurɓa kaɗan ya ture. A baranda ta kama gefen tob ɗina ta ce, "Ɗan'uwanki ba ya barci. Ki sassauta masa, don alheri ya yi." Na ce, "Ni fa, Inna? Wa ya tambaya ko ina barci?" Ta ce, "Ke ai mai ilimi ce."

Ban gane ba. Ko mai ilimi ba shi da zuciya ne? Matan unguwa da ke zuwa dubiya sun fara gaishe ni da gefen ido. Ɗaya ta tambaye ni ko gaskiya ne maganin na da ƙarfi sosai, sai mai jini a jiki. Inna na zaune tana ji. Ta miƙa mata dabino.

Ɓera ne. Na gaya musu ɓera ne. Tun ranar da na sauke akwatin nan na gaya musu.

Litinin, bayan la'asar

Bai gane ni ba yau. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu, ya ce in kore akuya daga kan riɗi. Dakta Mutaz ya ce haka ciwon ke yi in ya hau kai.

Talata

Barci yake ta yi.

Alhamis, bayan azahar

Ya farka garau da hantsi, har ya nemi a ɗaga masa kai. Inna ta tafi gida ɗora abinci, daga ni sai shi. Na yi niyyar ba zan gaya masa komai ba, me zai ƙara masa? Shi ya fara.

"Uwata, kin san na taɓa shiga teku?"

Na sani. Ba yaron gidan nan da bai haddace labarin ba. Yana saurayi ya raka mahaifinsa hajji ta jirgin ruwa daga Sawakin, suka ƙarasa hanyar da kakansa ya taso dominta daga ƙasar Hausa ya tsaya a nan noma. Amai ya yi ta yi daga hawa har sauka.

"Kwana muka yi a bakin ruwa muna jiran jirgi, ciyawar nan ta taru a gaɓa tana wari. Warin nan bai bar hancina ba har yau. Kwalbar farko da uwarki ta buɗe, Sawakin na ji." Ya huta. "Ta bayan nan kuwa, taɓon Simsim na ji. Ni da na tsufa ina shayar da shanu a hafirin nan."

Na ce, "Baba, ka sani?"

"Na san ba naki ba ne."

"To don me ka sha?"

"Na ɗauka in bai yi amfani ba, ba zai yi illa ba. Da na ƙi, uwarki za ta tambayi dalili, magana ta fita. Yaron nan tun da aka haife shi ba a taɓa yaba masa a kan komai ba. Ranar da liman ya sa masa albarka, ina sahun gaba, na ga fuskarsa. Ban iya ƙwace masa ba."

"Shi ne ka ce wa likita nawa ne? A gabana?"

Na matsa kusa da gadon.

"Ni fa, Baba? Sunana fa?"

Ya laluɓo hannuna ya riƙe. Tafinsa ya yi laushi, ba irin na manomi ba. "Ke ai kina da ƙarfi, Uwata. Za ki iya ɗauka, shi ba zai iya ba. Ki rufa masa asiri."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na gyara masa matashi, na fita baranda na zauna cikin mutanen da ban sani ba na yi kuka har na gode Allah. Duk kwanakin nan ina ce wa kaina shi kaɗai ne a gidan bai cuce ni ba, shi ma cutarsa aka yi. Ashe ya auna mu biyu ne, ya ga wanda zai ɗora wa kayan.

Ina sonsa. Kuma ina fushi da shi, fushin da ban san yadda ake yi da mutumin da ke kwance haka ba.

Juma'a

Bai ƙara magana ba.

Lahadi, bayan la'asar

An kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gida. Maƙwabta sun kawo tabarmi da kujeru.

Litinin

Ba abin da zan rubuta.

Talata, bayan magariba

Yau aka yi sadakar uku. Mata sun cika tsakar gida, Inna na kan tabarma da farin tob na takaba tana jan carbi. Ina gefenta ina karɓar gaisuwa.

Daga bayana na ji wata na cewa, ba ta ma rage murya sosai ba, "An ce maganin 'yar ne bai karɓe shi ba." Wata ta amsa, "Karatun Hartum ke nan, a fara gwaji da uba." Na dubi Inna. Ta ji, na ga yatsanta ya tsaya a kan carbin. Na jira. Wallahi na jira, kalma ɗaya nake nema daga bakinta, ko "ba haka ba ne". Yatsan ya ci gaba da ja.

Na ce a raina to shi ke nan, Baba. Ka ce ina da ƙarfi, bari in ɗauka. Na sunkuyar da kai.

Sai wata murya ta tashi daga bakin ƙofa. "Ku ji tsoron Allah, ya jama'a! Kwana ne ya ƙare, ba magani ba." Mai koren tob ce, Hajja Asiya, ta zo ta'aziyya. Ta ratso mata tana zuge jaka, ta fito da kwalba ta ɗaga sama don ta kare ni. "Ga shi nan, maigidana na sha kullum, yau da safe ma ya sha. Na zo ma da niyyar in roƙi Daktora ƙari, ya kusa ƙarewa."

Kore, da laka a gindi.

Na ce, "Hajja, ba wanda ya zo gidanku karɓar wannan?"

"Karɓa? Wa zai karɓe karama?"

Gida gida, in ji shi. Har da rantsuwa.

Na karɓi kwalbar daga hannunta. Inna ta ce, "Ke!" a hankali, ta kama ƙafata. Na zare. Na ratsa zaure na fita, ko takalmi ban sa ba, na tsaya a bakin rumfar maza, wurin da mace ba ta tsayawa. Liman na nan, dattawan kasuwa na nan, manoman Simsim na nan. Wancan na tsakiya da tire yana raba shayi.

Na ce, "Ku gafarce ni. Duk wanda ke da irin wannan kwalbar a gida, don girman Allah ya daina sha, ya je asibiti a duba masa hanta. Ba maganina ba ne, ban taɓa ba kowa magani ba. Gansakukar hafirin Simsim ce a cikin man riɗi, kuma tana iya kashe mutum."

Na sake faɗa da Larabci don kada wani ya ce bai ji ba.

Ban kira suna ba, Baba. Abin da na iya yi maka ke nan. Amma ba wanda ya buƙaci suna, duk sun san hannun da ya miƙa musu. Kawuna suka juya gaba ɗaya. Ya ajiye tiren a ƙasa a hankali, ya bi ta bayan rumfa ya tafi.

Alhamis, bayan la'asar

Kwalabe na ta zuwa. Ba mai miƙo mini a hannu, a gindin katanga ake ajiyewa a wuce. Sun fi yadda na zata yawa. Na tara su a kwali zan kai wa Dakta Mutaz.

Ya aiko mini cewa an kawo mijin Hajja Asiya da wasu, jininsu ba daɗi amma an zo da sauran lokaci. A ƙarshen saƙon ya ce, "Ma'alesh, ya ustaza," wato in yi haƙuri. Na karanta ban ji komai ba.

Wasu na cewa na kyauta. Wasu na cewa ko ƙasar kabarin ubana ba ta bushe ba na tozarta ɗansa a gaban baƙi. Asara a rufe take, an ce wani ya zo ya tafi da raƙumin ya ba shi ruwa. Wancan kuma yana ɗakinsa, sai Inna ke shiga.

Na wanke kwalabena na gaskiya, duk da a wanke suke, na mayar akwati. Na buɗe ɗaya na sa hanci ko zan ji abin da Baba ya ji. Sabulu kawai.

Asabar, hantsi

Inna ba ta yi mini magana ba tun ranar Talata. Ba faɗa, ba zagi, in na gaishe ta takan amsa wa bango.

Da safen nan ta dafa jabana a inuwar rakuba kamar kullum. Finjali huɗu take jerawa tun da na dawo. Yau uku ta jera: nata, na ɗanta, da na Baba, ta cika shi ta ajiye a inda yake zama.

Nawa ne babu.